Jar Tsakuwa daga Mambila

Ranar da abin ya fara, Murja tana kicin tana kaɗa miyar kuka, ladanin masallacin bayan gidansu a unguwar Abu Hamour ta Doha bai ma ƙarasa kiran magariba ba. 'Yarta Rahma, mai shekara tara, tana kwance a falo tana aikin makaranta. Maigidan, Munzali, bai dawo daga ofis ba. Sai Murja ta ji wani abu ya faɗa cikin tukunya. Ta sa ludayi ta ɗebo. Tsakuwa ce, ja, girman ƙwayar gyaɗa.

Ta ɗaga kai ta dubi rufi, lafiyarsa lau. Taga a rufe take, don watan Agusta ne, ba mai buɗe taga a Doha cikin wannan zafi. Gidan kuma hawa na huɗu ne. Tsakuwa ta biyu ta faɗo a faranti, ta uku ta same ta a kafaɗa. Abin da ya fi tsinka mata zuciya shi ne a jiƙe suke, suna ƙamshin ƙasar da ruwan sama ya daka, a garin da rabonsa da ruwa wata biyar.

Ta leƙa falo. Rahma ta ajiye fensir, ta zuba wa bango ido. A can keken Munzali yake rataye, tayarsa ta baya tana juyawa a hankali ita kaɗai, tana tik, tik, tik.

Ya kamata a san wannan keke, don a gidan nan ba wanda ya kai shi gata. Mai faɗin taya ne, irin wanda ake yi don hanyar burji da tsakuwa. Munzali injiniyan kwamfuta ne a wani kamfanin jigilar kaya, mutum ne mai sallah, ba ya zagi, ba ya duka, amma duk Juma'a daga asuba sai ya bi abokan aikinsa sahara, ya dawo ya wanke keken a banɗaki da tawul ɗinsa na musamman. Hutun da ya wuce, kwana talatin aka ba shi. Ya sauke Murja da Rahma a Zariya gidan iyayenta, ya ɗaure keke a kwali ya tafi tsaunukan Mambila, ya yi kwana goma sha ɗaya yana hawa da gangara cikin daji. Ya dawo da ƙujewa a gwiwar hannu, da bidiyoyi cike da waya, da wani jan dutse kamar dunƙulen hannu, wanda ya ɗora kusa da talabijin. Murja ta ci gaba da aikinta. Ta daɗe da gane magana a kan keke ɓata yawu ce.

Kullum magariba sai tsakuwa ta zubo, taya ta juya, daga an idar da sallah kuma komai ya lafa. Munzali ya ce iskar na'urar sanyaya ɗaki ce ke juya tayar. Da Murja ta zube masa tsakuwa cike da kofi a gabansa, sai ya ce zai yi wa mai kula da ginin magana.

A rana ta biyar Rahma ta miƙe za ta yi alwala, ƙafarta ta hagu ta ƙi ɗaukarta. Aka kai ta asibiti, aka ɗauki hoto, aka ɗebi jini, likita ya ce bai ga komai ba. Suka dawo da ita a saɓe. Ta daina ci, ta daina magana, sai dai in rana ta faɗi ta juya fuska wajen keken tana nishi kamar mai hawan tudu. Murja ta ji tsoro, ta kuma ji haushi, har ba ta san wanda ya fi yawa a cikinsu ba.

"Abban Rahma, ko ka nemo Malam Ja'afaru, ko in nemo shi da kaina," ta ce.

Malam Ja'afaru gadi yake yi a wani bene a unguwar Al-Sadd. Mahaddaci ne, mutumin Katsina, duk Hausawan Doha sun san shi da ruƙiyya. Ya iso bayan la'asar da rigar aikinsa, ya nemi ruwa a kwano, ya zauna nesa kaɗan da yarinyar ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Hasken taga ya yi ja, ya dushe. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai karatun. Can tayar ta motsa.

Rahma ta tashi zaune. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, a dishe, a gajiye.

"Malam, ya isa. Kana ƙona ni, kuma ba ni na fara ba."

"Wace ce ke, me ya haɗa ki da yarinyar nan?"

"Tambayi ubanta. Ka tambaye shi tarin duwatsun da ke bakin rafi, inda hanya ta gangaro daga dajin."

Malam ya waiwaya. Munzali ya ce akwai wuri irin wannan a Mambila, bayan garin Gembu. Wani dattijo mai shanu ya gaya masa al'adar wurin: duk wanda ya iso sai ya sauko daga abin hawansa, ko ɗan acaɓa ne, ya yi sallama, ya ƙara tsakuwa ɗaya a tarin, ya tura abin hawansa har ya ƙetare rafin.

"Ka sauka?" in ji Malam.

"Malam, agogon hannuna yana ƙirga min lokacin gangarowa. In na tsaya, shi ke nan na ɓata shi. Kuma ni ban ɗauki irin waɗannan abubuwan da muhimmanci ba."

"Ko bismilla bai yi ba," muryar ta ce. "Ya sheƙo da gudu ana gab da magariba, jikata tana wasa a gindin tarin. Ya bi ta kan ƙafarta ta hagu. Ya faɗi, ya tashi, abin da ya fara dubawa kekensa ne. Da ya ga bai karce ba ya yi dariya, ya ɗauki dutsen ƙofarmu ya sa a aljihu. Shekaru aru-aru kowa ƙara mana yake yi, shi kaɗai ya rage."

Murja ta dubi dutsen da ke kusa da talabijin. Sati uku tana goge masa ƙura.

"An zalunce ki," in ji Malam, "amma yarinyar nan ba ta taka kowa ba. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Zan fita. Ya mayar da dutsen da ƙafarsa, tun daga kan tudu har rafi. Keken ya bar shi a can. Kuma kada ya sake ɗora ƙafa a kan wani har ya mutu. Jikata ba za ta sake gudu ba."

Malam ya juya wajen Munzali. "Malam Munzali, mayar da abin da ka ɗauka dole ne. Sauran kuwa ba zan yi alkawari da bakinka ba. Ina iya ci gaba da karatu har ta fita ba sharaɗi, amma zai ɗauki kwanaki, kuma jikin 'yarka ne zai sha wuyar."

A nan ne Munzali ya yi abin da ba zai taɓa gyaruwa ba. Ya yi shiru. Idonsa ya bar fuskar 'yarsa ya tafi bango. Shirun bai fi numfashi uku ba, amma Murja ta ji kowanne a ƙirjinta.

"Malam," ya ce a hankali, "ko za ta yarda in bar hawa a Mambila kawai? Na nan Doha ai..."

Muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ka ji ko, Malam?"

"Abban Rahma," Murja ta ce. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

"Na yarda," ya ce da sauri. "Khalas, shi ke nan, na yarda da duka. Wallahi na yarda."

Malam ya sa tsohuwar ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba, ya ce ta fita ta babban yatsan ƙafa. Ƙafar hagu ta yi rawa, ta miƙe, ta saki. Tayar ta tsaya cak. Rahma ta yi atishawa, ta ce, "Umma, ƙishirwa nake ji." Murja ta rungume ta tana kuka, ba ta ko dubi inda mijinta yake ba.

Munzali ya cika alkawari, wannan kam ba musu. Ya roƙi hutun kwana shida, ya tafi da keke a kwali da dutse a jaka. Ya gangara tudun da ƙafa yana tura keken, ya yi sallama, ya ajiye dutsen a kan tarin, ya ƙara tsakuwa, ya jingine keken da wata bishiya ya juyo. Tsakuwa ba ta sake faɗowa a gidan ba. Rahma ta koma makaranta da ƙafafunta biyu.

Ya dawo Doha da tsaraba, kilishi da zumar Mambila da 'yar tsana. Da magariba ya zauna a falo ƙarƙashin ƙugiyoyin rataye keken nan biyu da suka rage a bango, ya miƙa wa Rahma hannu. Ta zo ta karɓi 'yar tsanar ta yi godiya, amma ba ta hau cinyarsa kamar da ba. Ta tsaya a gabansa tana murza gefen hijabinta.

"Abba, ranar nan ina jin komai, magana ce kawai na kasa."

"Ya wuce, Rahma. Allah ya raba mu da shi."

"Da aka ce ni ko keke, me ya sa ka tsaya tunani?"

Ya sunkuyar da kai. A kicin Murja ta ji tambayar sarai. Ta ci gaba da kaɗa miyarta, ba ta fito ta taimake shi ba.