Injin da Ba Shi da Wutsiya

Rana ta gama sauka, hasken da ya rage a tsakar gida bai wuce na gane fuska ba, lokacin da Tela ta ɗora bakin injin huda a jikin bangon lungu ta danna. Ɗinki ne sana'arta, shi ya sa ake kiranta haka, kuma macen da ta tsufa a gaban keke ba ta tsoron ƙarar inji. Bakin ya ci filasta, ya ci fatar bulo, sai ya zurma ciki kamar an ja shi. Wata iska mai sanyi ta fito daga ramin ta lashi yatsunta. Gidan ya yi tsit, har kajin maƙwabta suka daina motsi. Can sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi, ya gangaro a hankali, amma bai iso ƙasa ba.

Ba don ado Tela take huda bangon ba. Mijinta, wanda kowa ya sani da Direba, ɓarin jikinsa ya shanye tun bara, kuma lungun nan da ke tsakanin ɗaki da banɗaki ya zame masa doguwar hanya. A nan ya faɗi ya fasa goshi. Likita ya ce in da akwai ƙarfen riƙewa a bango, ƙafar za ta koyi tafiya. Shi kuwa Yaya, wan Direba, ya yanke cewa ƙarshen mako zai zo da mota ya ɗauke ƙanensa zuwa gidansa, inda akwai samarin da za su riƙa cicciɓarsa. Direba ya juya fuska bango, kuma Tela ta ga hawayen. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ce a zuci mijinta ba kaya ba ne da za a loda a bayan mota.

Ta kira masu aiki, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya zo da injinsa mai doguwar waya, ya jona a soket, amma da zarar baki ya taɓa bango sai wuta ta ɗauke a gidan, alhali ta maƙwabta tana nan fes. Na ƙarshen ya ce da idonsa ya ga wayar ta zare kanta, ya tattara kayansa ko ruwa bai tsaya sha ba.

Washegari Tela ta tafi shagon kayan gini.

"Hajiya, wa za a saya wa?" in ji mai shagon.

"Ni za a saya wa. Mai batir nake so, wanda ba ruwansa da wutar gida."

Ya dube ta, ya ga ba fuskar wasa, ya jero mata injina a kan kanta. "To, ki ɗaga kowanne sama da kafaɗa, wanda hannunki bai yi rawa ba shi ne naki. Ki duba mai hoton guduma a wuya, shi ke cin bulo. Bakin katako daban, na ƙarfe daban, na bango shi ne mai faɗin kai. Batir kuma biyu za ki ɗauka, ɗaya na aiki, ɗaya na kan caji."

Ta ɗaga su duka, kamar yadda take gwada almakashi, ta zaɓi matsakaici. Shi ne wanda ta danna a bango da magaribar nan.

Daga ranar, gidan bai sake ganin almuru lafiya ba. Da duhu ya fara taruwa sai jifa ta soma, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kuma in an duba tsakar gida ba ko tsakuwa. Cikin bangon ana jin motsi mai nauyi, irin na wanda ake tasa daga barci yana jan tabarmarsa. Batirin da ta bari cike sai ta same shi fanko, da sanyi kamar an ciro shi daga ƙasan randa. Tela takan dube shi ta yi tsaki, ta zare shi, ta sa ɗayan, ta ƙara rami. Tsoro kam tana ji, amma ba ta yarda bangon ya gani ba.

Sai abin ya koma kan Auta, 'yarsu da ta rage a gida, budurwa mai yawan dariya wadda ke shirin jarrabawar fita sakandare. Wata magariba uwar ta fito daga alwala ta same ta a tsaye a lungu, kunnenta manne da ramin farko, idanunta a buɗe ba sa ƙiftawa.

"Auta?"

Yarinyar ta juyo a hankali. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, mai kauri da ƙura. "Ki toshe."

Da aka kama ta, ƙarfinta ya fi na maza biyu. Ba ta ci ba, ba ta sha ba, har rana ta sake faɗuwa, sannan aka samo Malam, dattijo mai sanyin magana wanda ya daɗe yana wannan aiki. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a bakin lungu, aka zaunar da Auta, aka jingina Direba da bango a kan kujerarsa. Ya fara karatu, muryarsa tana hawa a hankali, jifar tana ƙaruwa a sama, har yarinyar ta sandare ta saki ƙara.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai bangon nan. Ina cikin ramukan bulo tun kafin a yi masa fenti."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ba ita ba ce, uwarta ce. Duk wanda ya zo da inji, wutsiyarsa nake ja, ya mutu, ya tafi ya bar ni. Ita ta kawo wanda ba shi da wutsiya. Na tsotse masa rai, ta sa masa wani. Ta huda min ɗaki, haske yana shigo min, iyalina ba sa barci."

"To, ka fita daga jikin baiwar Allah."

"Zan fita. A toshe ramukan, a fitar da injin daga gidan, kada ƙarfe ya sake taɓa bangon. In an yi, na bar muku 'yarku."

Malam ya juyo ya dubi Tela, ya sassauta murya. "Sharaɗin bai yi tsauri ba. Irinsu sukan nemi abin da ya fi haka."

Direba ya motsa a kujera. Maganarsa tana fita da ƙyar tun ciwon, amma kowa ya ji. "Maman Auta, ki bari. Zan bi Yaya."

Tela ta dubi 'yarta, wadda leɓɓanta suka bushe suka tsage, ta dubi mijinta, wanda ya sunkuyar da kai don kada a ga fuskarsa. Zuciyarta ta karye, sannan ta tafasa. Ta miƙe ta ɗauko injin, ta tura masa batir har ya ce ƙas, ta murɗa wuyansa zuwa hoton guduma.

"Allah ya gafarta Malam, ka ci gaba da karatunka, ni zan yi nawa aikin." Ta matsa gaban Auta, ta dubi abin da ke cikin idanun. "Kai kuma ka saurare ni. Mijina ne ya gina bangon nan da guminsa, yana kwana a hanya. Ba ka ɗauki bulo ko ɗaya ba. Yau ka ce in zaɓa tsakanin 'yata da ubanta? Wallahi ba zan zaɓa ba. Bulo-bulo zan bi lungun nan, daga ƙasa har sama, sai ya zama rariya, sai rana ta shiga kowane rami. In ga inda za ka kwantar da iyalin naka."

Ta ɗora baki a bango ta danna. Injin ya yi ruri, garin siminti ya zubo mata a ƙafa, Malam ya ɗaga murya. Ta zare, ta matsa gaba, ta sake dannawa. Fitilar batirin ta fara dushewa, sanyi ya kama mata hannu har gwiwa, ta ciro ɗayan daga ƙugunta ta sauya ba tare da ta waiwaya ba.

"Tsaya!" Muryar ta fashe, ta zama ƙarama. "Tsaya, 'yar Adam. Zan tashi. Amma karatun nan ya rufe ƙofa da taga, ta ina zan bi da yara?"

Tela ta saki maɓallin. Da ta ji an ambaci yara, wani abu ya taɓa ta, ko da yake fuskarta ba ta nuna ba. "Wannan kuma mai sauƙi ne."

Ta kwance ɗan gajeren bakin, ta ɗaura mafi tsawo, ta tsuguna a ƙarshen lungu inda bango ya ba wa fili baya. Ta huda a hankali, tana zarewa tana kakkaɓe gari, har bakin ya leƙa waje. Malam ya karɓi alkawari daga bakin mai bangon cewa ba zai dawo ba, ba zai kuma taɓa kowa na gidan ba. Sai iska mai sanyi ta bi ta ƙafafunsu, doguwa, bayanta wasu ƙanana suna bi, ta shige ramin. Auta ta yi atishawa, ta zube a cinyar uwarta, ta ce da muryarta ta kullum, "Mama, ƙishirwa nake ji."

Da gari ya waye Tela ta dama siminti ta toshe ramukan banza. Ta bi bangon tana ƙwanƙwasawa da gindin almakashi, inda ya amsa da ƙarfi nan ta huda, ta cusa fisha, robar da ke riƙe sukuru, ta mayar da injin kan tafiyar hankali ta ɗaure ƙarfen. Ta rataya a jikinsa da duk nauyinta, bai motsa ba.

Ranar da Yaya ya zo, ko motar bai kashe ba, don yana ganin ɗauka ce kawai a tafi. Ya shigo da samarinsa a baya, sai ya tsaya cak. Direba ne a tsaye a tsakiyar lungu, hannunsa mai lafiya damƙe da ƙarfe, gumi yana zuba, yana jan ƙafar da ta mutu tana biyo shi. Ɗaya daga samarin ya zabura zai tare shi, Tela ta sa hannu ta tsayar da shi. Direba ya ci gaba har ya iso bakin lungu da kansa, ya ɗaga kai, ya karkata kunne wajen ƙofar gida.

"Yaya," ya ce, yana haki, "je ka kashe motar nan, mai kake ƙonawa a banza. Ka dawo ka zauna, ai gidana ka zo."