Minti Goma, Baba

Ranar da abin ya fara, ba a yin komai a gidan mai walda sai shirin tafiya tafki. Shekara tara ke nan shi da abokansa suna wannan tafiya. Ranar Juma'a su ɗaure ƙananan kwalekwalensu na roba, masu cin mutum ɗaya, a saman motoci, su kafa tanti a bakin ruwa, su yi fatsa har Lahadi, sannan su dawo da kifin da bai kai rabin labarinsa ba. Da yammacin nan suna zaune a baranda, an baje takarda a kan tebur. Direba ya ɗauki nauyin tantuna. Mai kemis zai zo da rigunan ceto da akwatin magani. Tela kuwa tonon tana aka bar masa, domin a cewar direba, mutumin da ƙugiyarsa ba ta taɓa kama ko kwaɗo ba gara ya amfani jama'a ta wata hanyar.

"Kwalekwale nawa zan rubuta?" in ji mai kemis.

"Takwas," in ji mai walda.

Tela ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa. Mai kemis ya rubuta bakwai, ya ɗora tafin hannunsa a kai.

Suna da doka ɗaya a bakin tafki, kuma mai walda ne ya kafa ta. Da rana ta taɓa ruwa zai busa usur, kowa ya juyo da kwalekwalensa gaɓa, ya kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa da "Ga ni." Ba a hura wuta sai ya ce an cika. Bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba sai bara, da ɗansa Dogo, saurayi ɗan shekara ashirin, ya ɗago filafilin tuƙinsa daga wajen ciyayin ruwa ya yi kira: "Minti goma, Baba! Kifi ya fara ci!" Uban ya yi dariya, ya ɗaga masa hannu. Da safe suka tsinci kwalekwalen yana yawo shi kaɗai. Dogo kuwa sai bayan kwana biyu ruwa ya ba da shi.

Mai walda ya dawo da kwalekwalen gida ya jingine a gareji, ya hana kowa taɓawa. Ko ruwan da ya taru a ramin ajiyar kaya da ke jikinsa bai zubar ba, murfin ma bai kwance ba. Tun daga nan, kullum rana za ta faɗi sai ya shiga garejin ya ja ƙofa, ya ce "Dogo" a hankali, ya tsaya jira. A wurinsa ƙirgen nan na bara bai rufu ba. Matarsa ta sani, 'yarsu Auta ma ta sani, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar.

Suna zaune kan takardar nan ne dutse ya faɗo a kan kwanon baranda. Ya gangaro ya faɗi kusa da ƙafar tela. Ɗan ƙarami ne, sumul, a jiƙe, da gansakuka kore a jikinsa, alhali an yi wata uku ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Na biyu ya biyo, sai na uku. Direba ya leƙa titi yana shirin zagin yaran unguwa, bai ga kowa ba. Iska ta tsaya cak, ƙarnin ruwan tafki ya cika gidan.

Sai ga Auta a ƙofar gareji. Shekarunta goma sha shida, yarinya ce mai surutu da tsokana, amma yanzu tana tsaye kamar an kafa ta, ruwa na ɗiga daga gefen ɗankwalinta. Ta dubi ubanta, ta buɗe baki, muryar da ta fito ba tata ba ce.

"Minti goma, Baba. Kifi ya fara ci."

Biro ya faɗi daga hannun mai kemis. Direba ya kama salati da ƙarfi. Mai walda kuwa, abin da zai ji kunyarsa har ya mutu, farin ciki ne ya fara zuwa masa kafin tsoro.

Haka aka yi kwana shida. Da rana Auta na kwance ba ci ba magana, sai ruwa take sha kofi bayan kofi. Da rana ta sunkuya duwatsu su fara sauka, ita kuma ta tashi zaune ta yi magana da muryar yayanta. Ta tambayi inda aka ajiye sandar fatsarsa, ta yi dariyarsa mai shaƙewa, ta tsokani tela. Mai walda ya rufe shago. Tun la'asar yake jan kujera bakin gadonta ya zauna jira, kamar mai jiran baƙo a tasha. Mai kemis ya kawo likita, likita ya auna ya ce bai ga ciwo ba, sai dai yarinyar na ƙarewa. Duk lokacin da matar ta ce a kira malam, sai mai walda ya ce a bari zuwa gobe.

A rana ta shida ta tare shi a ƙofar ɗakin, ta riƙe hannun Auta ta ɗaga masa. Awarwaron da ke matse mata a da ya zame har gwiwar hannu.

"Dube ta da kyau," ta ce. "Ni na haifi Dogo, na fi ka sanin muryarsa, kuma na fi ka son jin ta. Amma ɗaya na binne. Wallahi ba zan binne biyu ba kana zaune a kujera."

Ita da kanta ta aika direba ya ɗauko malam.

Malamin tsoho ne siriri, mai gilashi ɗaure da zare a gefe ɗaya. Ya iso kafin faɗuwar rana, ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun ya sunsuna, ya ce a nuna masa abin da aka kawo gidan nan daga ruwa. Da ya ga kwalekwalen ya daɗe yana kallon murfin, sannan ya ce a kinkimo shi a ajiye a ƙofar ɗakin yarinyar. Ya zauna a tabarma ya fara karatu, a hankali, ba tsawa. Hasken taga ya yi ja, ya fara dushewa. Dutse ya sauka a kan rufi. Auta ta tashi zaune.

"Baba, wane ne wannan? Ka ce ya daina, yana ƙona ni."

Mai walda ya zabura, matarsa ta damƙe rigarsa ta baya.

"Wanda aka binne ba ya dawowa," in ji malam. "Ajiye muryar da ka ara, ka yi magana da taka. Kai wane ne?"

Ya ci gaba da karatu. Auta ta yi ta juyi, gumi da ruwa na zuba, har daga baya wata murya ta fito, tsohuwa, mai kauri, kamar daga cikin rijiya.

"A cikin ciyayin tafki nake tun kafin a haifi kakanka. Ban kashe yaron ba. Zaren fatsarsa ne ya naɗe masa ƙafa da jirgin ya kife. Ina wurin, na ji muryarsa, na riƙe ta. Na shiga ɗan ruwan da ke jirgin in huta, aka rufe ni aka kawo ni nan."

"Me ya haɗa ka da yarinya?"

"Shekara guda mutumin nan yana tsayawa a kaina yana kira. Ba ni ake kira ba, ban amsa ba. Ita kuwa kullum tana laɓe a bayan ƙofa tana jinsa. Ran nan tausayinsa ya kama ta, ta ƙanƙance murya ta ce 'Ga ni,' don kada ya fita hannu rabbana. Ta amsa kiran da ba nata ba. Ta nan na shiga."

Mai walda ya tuna yammacin, ya tuna ya ji kamar an amsa, har ya fito baranda da ƙarfin zuciyar cewa takwas. Ya dubi 'yarsa, ya nemi ranar ƙarshe da ya kira ta ya tambaye ta ko da labarin makaranta, ya rasa.

"Za ka fita," in ji malam.

"Zan fita, amma a yi ciniki. A bar mini ita kaɗan kullum da faɗuwar rana, sauran yinin nata ne. Shi ya ji ɗansa, ni in ji ɗumin gida." Sai muryar ta sauya, ta koma ta saurayi, mai dariya a ciki. "Minti goma kawai, Baba."

Malam ya cire gilashinsa ya juyo wajen mai walda. "Zan iya ci gaba da karatu har ya fita dole, amma muddin ana kiransa a gidan nan zai dawo. Ba ni ya roƙa ba, kai ya roƙa. Ka sani dai, kowane minti daga jikinta ake yankarsa."

Ruwa na ɗiga daga gefen gado. Mai walda ya durƙusa.

"Abu ɗaya zan tambaya. Da na sake busa usur bayan minti goman nan, Dogo ya ji?"

"Ya ji," in ji tsohuwar muryar. "Ya amsa ma. Ruwa ne a bakinsa."

"Irinsu suna ƙarya," in ji malam a hankali.

"Na sani, malam. Wannan dai zan riƙe."

Ya share fuskarsa da hannun riga, ya miƙe tsaye yadda yake tsayawa a gaɓa, ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa bara.

"Babu minti goma. Rana ta faɗi. Fito."

"In na tafi da muryar zan tafi. Ba za ka ƙara jin ta ba."

"Na ji. Fito."

"To a mayar da ruwana inda aka ɗebo shi."

Malam ya kwance murfin ramin ajiyar, ya ɗaga karatu. Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale kan matashi. Ruwan da ke cikin kwalekwalen ya motsa sau ɗaya ya kwanta, malam ya mayar da murfin ya ɗaure. Mai walda ya matsa bakin gadon.

"Auta."

Ta buɗe ido da ƙyar. "Ga ni, Baba," ta ce, da 'yar siririyar muryarta. "Yunwa nake ji." Uwar ta fashe da kuka ta nufi kicin da gudu.

Abokan sun so a fasa tafiyar, shi ya ce ba za a fasa ba. Ranar Juma'a aka ɗaure kwalekwale takwas a saman motoci. Da suka isa, ya ja na Dogo da igiya a bayan nasa har wajen ciyayin, ya kwance murfin ya tuntsurar da ruwan. Bai fi cikin bokiti ɗaya ba, ya bi sauran ruwa ya ɓace.

Da rana ta taɓa tafki ya busa usur. Ya kira direba, ya kira mai kemis, ya kira tela da sauran, kowa ya ce ga shi. Sai ya zo inda sunan ƙarshe yake, ya tsaya. Mutum shida suna tsaye da itace a hannu, ba wanda ya iya kallonsa. Ya daɗe yana duban ciyayin nan har suka fara haɗewa da duhu.

"Mun cika," ya ce. "A hura wuta."

Ya zaga bayan tanti ya zauna a ƙasa, ya yi kukan da ya shekara bai yi ba.