Barnetar Baba Na'ibi

Ranar Juma'a ce, bayan la'asar, na kama hanyar Madinar Masana'antu, unguwar ma'aikatu ta Jidda, da kwali a kujerar gefe. Na ce wa matata Najwa zan je in duba ko an kulle mustauda da kyau. Ƙarya na yi mata. Hular mahaifinta ce a cikin kwalin nan, kuma sato ta na yi.

Sunana Musbahu. Ni ke kula da wani mustauda, wato babbar ma'ajiyar da ake jibge kujeru da gadaje kafin a kai su shaguna. Aikin da ke rubuce a iƙamata, takardar zamana a ƙasar, ke nan. Abin da ya ci mini rai kuwa daban ne: tsofaffin hulunan Turawa, irin baƙaƙen nan masu tauri, kai zagaye kamar an kifa ƙwarya, da ɗan baki naɗaɗɗe. Turawa na ce musu baula, mu a nan barneta muke cewa. Shekara goma sha ɗaya ina yawon kasuwar gwanjo ina tonon tarkacen mutane saboda su. Najwa ta rantse in na ƙara shigo mata da hular matattu cikin gida, ni da hular za mu kwana a mota. Sai na gyara wani ɗan ɗaki a ƙuryar mustauda, na kafa katakai, na jera guda ashirin da uku.

Ban yi karatun kirki ba, amma miƙo mini barneta ka sha mamaki. Zan ƙwanƙwasa kanta da ɗan yatsa in ji sautin. Zan shinshina, domin gashin zomo da ƙaron da aka taurara ta da shi suna da warinsu. Zan duba ɗinkin bakin, na hannu ne ko na inji. Daga ƙarshe in juyo fatar da ke zagaye da cikinta, inda zufar goshi ke sauka, don a bayan fatar nan ake samun hatimin maƙerinta da lambar kai, wani lokaci har da haruffan sunan mai ita. Akwai kuma ƙa'idar da duk mai tara su ya sani: ba a kifa barneta. In ka ajiye ta a kan bakinta, nauyinta zai warware naɗin a hankali. A kan kanta ake ajiye ta, baki a sama. Hannuna ya saba da haka har ba ya shawara da ni.

To, duk cikin hulunan da na taɓa gani babu wadda ta kama ƙafar ta surukina.

Baba Na'ibi ya haye teku daga Bur Sudan yana saurayi, ya yi wa wani Bature wakilin jiragen ruwa aiki a tsohuwar tashar Jidda. Yanzu ya haura casa'in, idanu sun tafi, yana zaune tare da mu a unguwar Sharafiyya. Barnetarsa tana kife a kan wani faifai, bisa akwatin da ke daidai kansa. Bai taɓa sa ta ba. Kullum da magariba sai ya laluba ya ɗora tafinsa a kanta, ba zai ɗauke ba sai ladan ya gama kira. Duk lokacin da na shiga gaishe shi na gan ta a kife, sai in ji kamar a ƙirjina aka ɗora nauyin.

Sau ɗaya na roƙe shi.

"Baba, bari in ɗaga in ga cikinta. Minti ɗaya kawai."

"La, ya waladi, a'a ɗana. Ba a ɗagawa."

"Me ke ciki?"

Ya laluba ya dafa hular. Da ya yi magana, ƙasa-ƙasa ya yi.

"Baturen nan daga teku ya zo da ita, da abin da ke cikinta. Ya rame, barci ya gagare shi. Wani malami namu a unguwar Balad ya kife ta da magariba, ya ce muddin tana kife, halas, an huta. Da Bature zai hau jirgi aka ce wa zai riƙe? Na ce ni. Da bakina na faɗa."

Na ce Allah ya tsare. Ina fita na yi dariya ni kaɗai a matakala.

Ranar Juma'ar nan, Baba yana barcin rana, na shiga da sanɗa. Na zura hannu ƙarƙashin faifan na ɗauke shi gaba ɗaya da hular, don kada a ji motsi, na sa a kwali. A wurin na kifa wata tawa mai kama da ita a kan faifan kicin. Na ce da kaina makaho ba zai gane ba. Na ce zan duba hatimi kawai, in ɗauki hoto, in dawo da ita kafin magariba. Babu irin hujjar da ban ba kaina ba.

Sai ga cunkoso a kan gada, wata tirela ta gitta hanya. Da na isa Masana'antu rana ta koma ja, ta kusa taɓa rufin ma'aikatu. Ranar Juma'a babu kowa a wurin. Tituna wayam, ƙofofin ƙarfe a rufe, sai kyanwoyi a gindin kwandon shara. Da ina da hankali da nan na juya. Amma na riga na iso, kuma shekara nawa ina jiran wannan minti ɗayan.

Na buɗe ƙaramar ƙofa na ratsa tsakanin kujeru masu lulluɓin leda. Na shiga ɗakina, na kunna fitilar tebur da na'urar sanyi. Hulunana ashirin da biyu suna jere a katakai, baki a sama, yadda na bar su.

Na fito da faifan. Na ƙwanƙwasa kan hular. Sautin bai yi kama da na sauran ba, ya yi nauyi, kamar ka bugi tulu cike da ruwa.

Daga wani masallaci can nesa ladan ya ɗaga murya.

Na ɗaga barnetar, na juya ta, na ajiye ta a kan kanta. Wallahi ban ma san na yi ba.

Na kai yatsa zan juyo fatar ciki, sai na janye da sauri. Fatar da ɗumi. Da laima kuma, kamar yanzu wani ya cire ta daga kansa.

Na'urar sanyi ta tsaya.

Wari ya cika ɗakin. Warin ruwan teku da ya kwana, da jiƙaƙƙiyar igiya, da tsohuwar taba. Na sunkuya na leƙa cikin hular. Fitila tana haskawa daidai cikinta, amma ban ga ƙasanta ba. Duhu ne kawai, yana tafiya ƙasa.

Daga cikin duhun aka ja numfashi. Dogo, a hankali, irin na wanda ya daɗe a ƙarƙashin ruwa.

Na ja da baya. Na so in yi a'uziyya, harshena ya ƙi motsi.

A bayana na ji kif.

Sai kuma kif.

Na waiga. Hulunan da ke kan katakai suna juyawa ɗaya bayan ɗaya suna kifewa da kansu. Ta farko, ta biyu, har layi ya ƙare, aka koma na ƙasa. Da ta ƙarshe ta kife, ɗakin ya yi tsit.

Ruwa na ɗiga a wani wuri. Na duba ƙasa. Sawun ƙafa ne, jiƙaƙƙe, a kan siminti tsakanina da tebur. Ina kallo wani ya fito a gabansa.

Wani kuma.

Ya tsaya a gaban takalmina.

Na ji yatsu a goshina. Sanyi ƙalau, dogaye. Suka bi ta kan kunnena, suka zagaya ƙeya, suka dawo goshi. Na san abin da suke yi, domin ni ma haka nake yi da igiyar awo. Auna kaina ake yi.

Murya ta zo daidai kunnena, raɗa ce mai ɗauke da ƙarar ruwa.

"Ba kai ba ne."

Yatsun suka matse.

"Ina wanda ya karɓa?"

Na yi shiru. Ina so a san na yi shiru da farko. Ƙashin kaina ya fara ƙara. Idona na hagu ya rufe da ja. Wani abu mai ɗumi ya gangaro daga hancina.

"Ina shi?"

"Sharafiyya," na ce.

Ba a sake ni ba.

"Bayan gidan burodi. Hawa na biyu. Ɗakin da ke hannun dama."

Haka na faɗa, daki-daki, kamar ina kwatanta wa mai kawo gas.

Yatsun suka saki. Na zube a kan gwiwa. Sawun ya juya, ya nufi ƙofa, ya bi ta tsakanin kujeru. Ina jin ledoji suna motsi ɗaya bayan ɗaya har can bakin mustauda. Ƙaramar ƙofa ta buɗe, ta rufe.

Na'urar sanyi ta ci gaba da aiki.

Na rarrafa na cafki hular na kife ta a kan faifan. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na ƙwanƙwasa, ta yi sauti irin na kowace barneta.

Ban san yadda na kai mota ba. Ina fita babban titi waya ta yi ƙara. Najwa ce, tana kuka, tana kirana da alkunyar da ta saba.

"Abu Mazen, kana ina? Yalla, maza ka zo! Baba ya taɓa barneta ya ce ba tasa ba ce. Tun kiran salla yake ihu, yana cewa a rufe ƙofa, a rufe taga."

"Ki rufe! Ki rufe komai, ga ni nan!"

"Na rufe. Amma ruwa nake gani a matakala, ban san daga ina..."

A bayanta na ji muryar Baba, ba ihu yake ba yanzu. A natse ya ce, "Ni ne. Ni na karɓa. Ka bar yarinyar."

Wayar ta katse.

Na keta jar wuta biyu. Da na hau bene, kowace matakala da danshi a kanta. Na tarar da Najwa a durƙushe ta rungume kansa. Yana kwance a ƙasa, baki ya karkace, idanu a buɗe. A goshinsa akwai jan zane da ya zagaye kan gaba ɗaya, irin wanda matsattsiyar hula ke bari. Ɗakin yana warin teku.

Najwa ta ga kwalin a hannuna, ta ga jini a rigata. Ta ce, "Me ya faru? Ina ka samo ta?"

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Sai na ji bakina yana cewa na ga asu ya fara cin hular ne, na kai ta in gyara wa Baba ba tare da ya sani ba, na yi karo da ƙofa garin sauri. Ta yarda. Me zai hana ta yarda, shekara goma sha tara ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba.

A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, suka ce ga mai shekarunsa ba abin mamaki ba ne. Zanen goshin ya ɓace bayan kwana uku. Magana kuwa ba ta dawo ba.

Na kwashe hulunana duka na zuba a buhu na kai bakin shara. Ban sake taka kasuwar gwanjo ba. Ban kuma taɓa juyo fatar barnetar Baba ba, har yau ban san wa ya ƙera ta ba, ba na kuma son sani.

Wata bakwai ke nan. Ni nake yi masa wanka, ni nake juya shi a gado, ni nake ba shi kunu a baki. Idan Najwa ce ta shigo, fuskarsa takan saki. Idan ni ne, tun daga ƙofa yake gane takuna, sai ya juyo da makafin idanun nan ya kafe ni da su. Ba ya ƙin abincin. Yana buɗe baki ya karɓa, cokali bayan cokali, bai kuma kawar da fuska.

Sau biyu na sunkuya a kunnensa na ce, "Baba, ka yafe mini." Leɓensa ya motsa, amma ban san abin da yake son faɗa ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Jiya Najwa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonmu, ina goge masa haɓa. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Wallahi ko ɗan da ya haifa ba zai yi masa haka ba. Allah ya saka maka da irin abin da ka yi wa mahaifina."

Tana tsaye tana jiran in ce amin. Baba ma ya daina haɗiya, yana saurare.

Na ce amin.