Kyandir a Gindin Famfo

Masunta ne suka fara ganin motar da safe, a hanyar da ta gangara bakin teku ta bayan Guayacán, a gefen garin Coquimbo. Farar mota ce sabuwa, ƙofofinta a rufe, hazon teku ya jiƙa gilasanta. Ɗaya daga cikinsu ya goge gilashi da hannun riga ya leƙa, sai ya ja da baya yana alamar gicciye a ƙirjinsa. Direban na zaune a mazauninsa, kansa ya langaɓe, jikinsa ya riga ya sandare.

Sufeto Rosaura Tapia ce aka ba binciken, mace mai ƙarancin magana da yawan kallo. Sunan mamacin Nibaldo Araya, direban da ake kira ta manhajar waya. Babu wayarsa, babu walat ɗinsa, amma makulli na jikin mota, tanki kuma cike da mai. Wannan ne ya fara tsaya mata a rai. Ɓarayin garin nan idan suka tare direba, motar suke nema, ba tsohuwar waya ba.

Likita ya ƙara mata wani. Rauni ɗaya ne, a ƙeya, irin na wanda ya faɗi da baya a kan siminti, kuma tun yammacin jiya ya rasu. Jinin da ke kujerar bai kai na wanda ya yanke da reza ba. A takalmansa akwai busasshiyar kumfar sabulu.

"Ba a nan ya mutu ba," in ji likitan. "Ɗauko shi aka yi aka zaunar."

Matarsa, Gladys, ta karɓi Sufeto a kicin, shayi na huce mata a gaba ba ta taɓa ba.

"Na gaya masa, Sufeto. Wallahi sai da na gaya masa. Da aka sallame shi daga aikin haƙar tagulla, cewa na yi mu buɗe ɗan shago a ƙofar gida. Ya ce a'a, mota ita ce jari, zai zama ubangidan kansa. Ashe kallon kitse ya yi wa rogo. Kamfanin manhaja ya cire nasa, gidan mai su cire nasu, taya ta cinye, inshora ta zo. Abin da ke saura ko na cefane ba ya kaiwa. Ga ciwon baya."

"Shi kaɗai ke tuƙa ta?"

"Ina fa. Motar haya idan ta huta, mai ita ne ke asara. Shi yana yi daga safe zuwa yamma, sai kompadre Beto ya karɓa."

Heriberto Cortés ke nan, aminin Nibaldo tun suna wurin haƙar, wanda ya tsaya wa 'yarsu a wurin baftisma, shi ya sa suke ce masa kompadre. A nan ba a wasa da wannan zumunci, ya fi na wasu 'yan uwan jini ƙarfi. Sufeto ta same shi a tsakar gidan yana jera wa masu ta'aziyya kujeru, idanunsa sun kumbura.

"Jiya ka karɓi motar?"

"Bai zo ba, Sufeto. Na jira, na kira, waya a kashe. Na ɗauka ya samu tafiya mai nisa ne."

"Kuna da wata matsala da shi?"

"Ni da Nibaldo? Shi ya ɗauke ni lokacin da kowa ya juya mini baya. Kamfani sun rufe mini shafina saboda wani fasinja ya kai ƙarata, shi ya ce in riƙa aiki da sunansa. Wa zai sare reshen da yake zaune a kai?"

Fasinjar ƙarshe da manhaja ta nuna wata mai sayar da kifi ce a kasuwar bakin tasha, doña Ercilia. Ba ta ma bari an gama tambayar ba.

"Ni? Dube ni da kyau, 'yata. Da ƙyar nake ɗaga kwandon kifi, sai in ɗaga ƙato? Ya sauke ni a nan, duk layin nan sun gani, har ya yi mini mitar na sa masa ƙarni a mota. Ya ce sai ya je ya wanke ta kafin ya miƙa."

Mata huɗu suka tabbatar da haka, kowacce na ƙoƙarin rigan 'yar uwarta magana. Sufeto ta cire doña Ercilia daga zargi, amma ta riƙe maganar wankin.

Sai makaniken da ke duba motar, da ake ce wa don Floridor, wato Malam Floridor, wanda aka ji suna ɗaga murya da mamacin a makon. Tsohon ya goge hannu da tsumma ya yi dariyar takaici.

"Ciniki muke yi. Sayar mini da ita zai yi. Ya ce ya gaji da yi wa waya bauta, zai buɗe wa matarsa shagon da take so, ba-zata zai yi mata. Ni da ya mutu asara na yi, don ya yi mini sauƙi. Ranar kuma ina asibitin La Serena, ana duba mini ido."

"Wa ya san zai sayar?"

"Cewa ya yi sai ya fara gaya wa kompadrensa, don shi abin zai fi taɓawa. Ranar ma ya ce zai gaya masa."

Asibiti ya tabbatar da zancen tsohon. Da Sufeto ta koma wurin Beto, sai ya buɗe baki kamar yau ya fara jin labarin sayarwa. Ta san da walakin, amma zargi ba hujja ba ne. Wuraren wankin mota a Coquimbo sun fi a ƙirga, kuma kowane direba na da ɗan lungunsa da bokitinsa. Haka maganar ta yi sanyi. Aka mayar wa Gladys motar, ita kuma ta miƙa wa Beto makulli, don dole a ci abinci.

Bayan wasu makonni Sufeto ta bi ta hanyar Guayacán, ta tarar an gina animita a inda aka tsinci motar. Ɗan ƙaramin ɗaki ne na siminti, bai wuce gwiwa ba, da gicciye a sama da hoton Nibaldo a ciki. Kowa ya san dalili: wanda ajali ya ɗauke farat ɗaya, ransa na nan a inda jininsa ya zuba, sai an yi masa masauki ana kunna masa kyandir kafin ya samu natsuwa. Gladys na durƙushe a gabansa tana fama da ashana.

"Ba ya tsayawa," ta ce ba tare da ta juyo ba. "In kunna, ya mutu. Mutane na cewa iskar teku ce. Ni kuwa idan na zo nan ba na jin komai, Sufeto. Kamar ina ƙwanƙwasa gidan da ba kowa."

Sufeto ta tuna abin da likita ya faɗa, cewa ba a nan ya mutu ba, Gladys kuwa ba a gaya mata ba.

"Kompadre Beto na rako ki?"

"Ko sau ɗaya. Shi ya sayi simintin ma, amma ya ce zuciyarsa ba za ta iya ganin wurin ba. Bawan Allah, duk ya rame."

Washegari da hantsi Sufeto ta sa kayan gida, ta tsaya kusa da unguwar Beto tana kiran mota tana sokewa, har sunan da take jira ya fito a wayarta, da hoton mamacin yana murmushi. Farar motar ta tsaya. Beto ya ja hula ya rufe goshi, bai ko waiwayo ba. Ta buɗe ƙofar baya ta yi abin da kowane fasinja ke yi.

"Nibaldo ne?"

Kafaɗunsa suka zabura kamar an tsikare shi da allura. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

"Ni ne," ya ce, murya can ciki.

Bai gane ta ba sai da suka hau titi. Ta ce masa motarta ce ta lalace, ta yi masa hirar tsadar mai. Idonta kuwa na kan aljihun ƙofar direba, inda ƙunshin fararen kyandir ya leƙo, an riga an ci rabinsa.

Da yamma ta bi shi a nesa, ita da wani ɗan sanda. Bai nufi Guayacán ba. Ya hau tudu, ya shiga wani fili a bayan tsohuwar ma'ajiyar ƙanƙara da aka daina amfani da ita. Akwai famfo a jikin katanga, da dandamalin siminti, da tsohon bokiti. A gindin famfon an jingina bulo biyu an ɗora falalen dutse a kai, ga narkakken kyandir ya taru ya daskare, sabo a kan tsoho. Babu hoto, babu suna. Beto ya durƙusa ya kunna ɗaya, harshen wutar ya miƙe tsaye.

"Wa ya mutu a nan, don Heriberto?"

Bai gudu ba. Bai ma tashi ba.

"Bari in gaya maka abin da na sani," in ji Sufeto. "Wanda ya kashe shi bai ɗauki motar ba, saboda yana buƙatar ta koma gidan da za a miƙa masa makulli. Takalmansa da sabulu, kuma nan kuke wanke ta kafin ku yi musaya. Ka ce bai zo ba, alhali ya zo, ya gaya maka zai sayar. Duk garin nan sun ɗauka a Guayacán ya mutu, har matarsa. Mutum ɗaya ne ya san ransa ba a can yake ba, shi ne wanda ke kawo masa kyandir nan. Za mu ɗaga simintin nan, kuma jini ba ya fita daga tsaga."

Beto ya amsa, idonsa a kan wutar.

"Tura shi kawai na yi. Ya ce mota ba ta biya, gara a rabu da ita tun tana da daraja. Na ce ni fa, kompadre, ni da ba ni da ko suna a wurin kamfani? Ya ce Allah zai kawo wata. Na tura shi, ƙasa da santsin sabulu. Sai na kai shi Guayacán, na ɗauke wayar da walat don a ce ɓarayi ne." Ya share fuska da hularsa. "Na zaci idan motar ta zauna a hannuna zan riƙe masa iyali. Amma Sufeto, kowa ya buɗe ƙofar nan sai ya kira sunansa. Tun safe har dare. Nibaldo ne? Nibaldo ne? Ni kuma in amsa. Na zo nan ne in roƙe shi ya bar ni."

Ɗan sandan ya sa masa ankwa, Beto da kansa ya miƙa hannuwan.

Sufeto ba ta aiki kowa ba, ita ta je ta gaya wa Gladys, har da maganar shagon da mijin ya yi niyyar buɗe mata. Matar ta saurara har ƙarshe, ba ta yi kuka ba. Da ta buɗe baki, ba zancen Beto ta yi ba.

"Ashe ya ji maganata," ta ce. "Ni kuma duk kwanakin nan na bar shi shi kaɗai da wanda ya kashe shi."

Ta sayar wa don Floridor motar a makon, ta ce ko kallonta ba ta son yi. Ranar Lahadi ta ɗauko hoton daga Guayacán, ta hau tudun da ƙafa, ta ajiye shi a ƙarƙashin dutsen gindin famfo. Ta kankare kyandir ɗin Beto da wuƙa har sai da simintin ya fito, sannan ta kunna nata. Sufeto na tsaye daga bakin filin. Iskar teku na kaɗawa a nan ma, kamar ko'ina a Coquimbo, amma Gladys ba ta sake taɓa ashana ba. Ta zauna a kan bokitin, ta gyara mayafinta.

"Na zo, tsohona," ta ce. "Yi haƙuri, na yi ɓatan hanya ne."