Hujin Ƙarƙashin Kujerar Direba

Tun ranar da Zahraddeen ya sayi tsohuwar jif ɗin yake zargin mai ita ya ɓoye masa wani abu, don ko ciniki bai tsaya yi ba. Tsatsa ta cinye ta, ƙofofinta sun ƙi buɗuwa, ga warin laka kamar daga kogi aka tsamo ta. Shi kuwa bai taɓa riƙe sifana ba, a waya yake koyon gyara.

Bayan isha'i yana kwance ƙarƙashinta a wurin ajiye motocin gidansu a Setapak, unguwar da yake zaune a ƙasar waje, yana auna hujin da tsatsa ta yi a saitin kujerar direba, sai ya ga ƙafafu tsaye gefen taya, ba takalmi, jiƙe sharkaf. Alhali ranar ko yayyafi ba a yi ba.

"Sannu da aiki, samari."

Hausa ce tsantsa, amma ya san duk Bahaushen ginin, babu mai wannan murya. Ɓarawo ne, ya ce a ransa, ya jawo akwatin kayan aikinsa.

"Yawwa, Baba. Wa ake nema?"

"Me za ka yi da farantin ƙarfen nan?"

"Hujin nan zan toshe."

Ruwan laka mai sanyi ya ɗigo masa a goshi. Ƙafafun suna waje, ba su motsa ba, amma muryar ta koma cikin motar. Ya ɗaga kai, sai ga ido a hujin yana kallonsa.

"Kar ka toshe, ɗana. Ta nan nake numfashi."