Kurman Bakura

Da hantsin ranar Litinin wani manomin shinkafa ya shigo caji ofis na Talata Mafara, ƙafafunsa duk taɓo. Ya ce ya je buɗe wa gonarsa ruwa a gefen hanyar Bakura, sai ya ga mutum kife cikin hanyar ruwa. Bai tsaya duba fuskarsa ba, gudu ya yi.

Sufeto Bawa ya ɗauki Kofur Ishaq suka tafi. Shekara goma sha tara ke nan yana aikin ɗan sanda, rabinsu a yankin Maradun, kuma ya ɗauko gawa a daji fiye da yadda yake son tunawa. Amma da aka juyo wannan, sai ya ga Kofur ya ja da baya yana salati.

"Yallaɓai, Mujahid ne. Mujahid na Bayan Usur."

Babu wanda bai san sunan ba daga Mafara har Gidan Goga. Bayan Usur shirin ƙwallo ne da wani ƙaramin gidan rediyo mai zaman kansa ke yi Litinin, Laraba da Asabar, ƙarfe biyar na yamma. Mujahid ne ke gabatar da shi. Mutane na bugo waya su yi musu a kan wasannin Turai da na unguwanni, shi kuma ya san kowa da sunansa da ƙungiyarsa, ya san wanda zai tsokana. Idan an gama, sai a yanka shirin a zuba a WhatsApp, masu cajin waya su tura wa wanda ba shi da data. A shekarun nan da aka daina taruwa bayan magariba, wannan awa ɗaya ita ce dandalin da ya rage wa jama'a.

Mutanen da suka taru a bakin gonar sun riga sun yanke hukunci cewa aikin mutanen daji ne. Ƙasa-ƙasa suke faɗi, suna waige.

Sufeto ya matsa kusa. Ya duba gawar, babu harsashi, sai rauni ɗaya a ƙeya. Wayarsa ba ta jikinsa. Can gindin wata bishiyar bedi kuma ga babur ɗinsa a tsaye, makulli a jiki. 'Yan bindiga ba su taɓa barin babur ba. Ya sunkuya ya ga matakan ƙafa na baya duka a sauke. Mujahid ya ɗauko wani.

Bayan an yi jana'iza, Sufeto ya nemi izinin dangi ya yi wa matar marigayin, Fiddausi, gaisuwa daga bakin ƙofa. Sun daɗe suna gaisawa kafin ya kai ga tambaya.

Ta ce ranar Lahadi bayan azahar ya fita, wai zai je Bakura ɗaukar hira da wani koci, zai biya ya ɗauki mutum a hanya. Bai faɗi suna ba. Ta ce mako uku ke nan ba ya cin abinci sosai, tun ranar da aka tare motar 'yan wasan Maradun a hanyar Gidan Goga, aka kashe direba da yara biyu, aka shiga daji da bakwai. Tun daga lokacin kullum yana zaune da abin sauraro a kunne, yana maimaita tsofaffin shirye-shiryensa yana rubutu.

"Ya gaya miki abin da yake nema?"

Ta ce, "Cewa ya yi, Fiddausi, ina jin a shirina aka kashe yaran nan."

Ta miƙo wani ƙaramin littafi ta ƙarƙashin labule. A shafin ƙarshe akwai kwanan wata huɗu, kowanne da lokaci a gefensa da harafin S.

Washegari Sufeto ya je gidan rediyon. Ɗaki uku ne a bayan kasuwa, an lulluɓe ɗaya da katifu don tare ƙara. Shugabar gidan, Hajiya Taiba, ta fara da cewa Mujahid ba shi da damuwar komai. Da Sufeto ya ajiye littafin a gabanta ya zuba mata ido, sai ta sauke kai. Ta ce kwana goma da suka wuce ya roƙe ta a daina ɗaukar kira a shirin, bai faɗi dalili ba, ita kuma ta ƙi, don masu kira su ne shirin. Ta ɓoye ne don tsoron a ce ita ta jawo.

Ya tambayi wanda ke haɗa kiran. Ta ce Anas ne, mai kula da na'ura. Wayar shirin tana kulle a durowarta, sai ƙarfe biyar take ba shi.

Anas matashi ne siriri mai ladabi, idanunsa sun yi ja. Ya durƙusa ya gaida Sufeto. Ya ce shekara huɗu suna aiki da marigayin, ko faɗa bai taɓa haɗa su ba. Tsofaffin shirye-shirye kuwa, ya ce kwamfuta ta lalace makon jiya, duk sun tafi.

"Ina kake ranar Lahadi bayan azahar?"

"Gidan kallo na bakin tasha, ranka shi daɗe. Wasan ƙarfe biyu na kalla."

"Har aka tashi?"

"Har aka tashi."

Suna fitowa Kofur Ishaq ya ce ya kira kocin Bakura, mutumin ya rantse bai yi alkawarin hira da kowa ba. Game da shirye-shiryen da suka ɓace kuma, ya ce ba su ɓace ba muddin Malam Isa tela yana raye.

Shagon Malam Isa yana layin 'yan yadi. Dattijo ne da bai taɓa shiga gidan kallo ba, bai san fuskar ɗan wasa ko ɗaya ba, amma yana iya faɗin wanda ya ci kowace ƙwallo shekara uku baya, duk daga bakin Mujahid. Ya fiddo wani gwangwanin alewa cike da memori, kowanne an naɗe shi a takarda da kwanan wata. Ya ce shi ba ƙwallon ce ta dame shi ba. Ɗansa yana gudun hijira a Gusau, ƙanensa a Sakkwato, amma idan biyar ta yi ya san duk suna jin abu ɗaya, wani lokacin ma har ya ji muryarsu.

Sufeto ya karanta masa kwanan wata na farko da lokacin. Malam Isa ya sa memorin a rediyonsa, ya matsa har wurin.

Muryar Mujahid ta cika shagon, tana dariya. Kofur ya juya baya. Sai wata murya mai kauri ta shigo, ta ce Surajo ne daga Bakura.

"Af, Kurman Bakura ne," in ji Malam Isa.

Sufeto ya tambayi dalilin sunan. Tela ya ce masu sauraro ne suka sa masa, don bai taɓa amsa tambaya ba. Zai yi sallama, ya yabi ƙungiyarsa, ya yi gaisuwa, Mujahid na tsokanarsa yana ci gaba da magana kamar ba da shi ake ba, sai layi ya yanke. Abin dariya ne a wurinsu.

Suka saurari na huɗu, wanda ya zo kwana ɗaya kafin a tare 'yan wasan Maradun.

"Ina gaida 'yan kallo na hanyar Gidan Goga," in ji muryar. "Gobe da hantsi akwai wasa. 'Yan wasa sha takwas, babu rafali."

Sufeto ya tuna rahoton harin. Motar nan mutum goma sha takwas ta ɗauka, kuma ranar babu rakiyar jami'ai. Malam Isa ma ya gane. Sufeto ya roƙe shi kada ya faɗa wa kowa, ko da matarsa.

A ofis ya buɗe littafin rahoto. Kowanne daga cikin kwanakin huɗu, washegarinsa an tare mota a hanyar da Surajo ya gaisar: sau biyu hanyar Gidan Goga, sau ɗaya hanyar Morai, sau ɗaya Bakura. A daji waya ba ta cika samun sabis ba, kuma ana bin diddiginta. Rediyo kuwa ko'ina yana kaiwa, babu mai sanin wa ke saurare.

Ya daɗe zaune yana tunanin sau nawa shi kansa ya ji wannan muryar a ofis ɗin nan, yaransa na ƙyalƙyala dariya.

Da safiyar Laraba ya yi abu biyu. Ya sa Hajiya Taiba ta kawo wayar shirin a ɓoye, ya bi jerin kiran da suka shigo. A duk lokutan huɗu da Surajo ke magana, babu kiran da ya shigo wayar. Sannan ya je gidan kallo na bakin tasha. Mai gidan ya ce ranar Lahadi janareto ya mutu ana hutun rabin lokaci, ya sallami kowa, bai sake buɗewa ba sai Litinin.

Ƙarfe uku da rabi Sufeto ya shiga ɗakin katifun. Anas yana shirya na'ura, don an sanar za a yi shiri na musamman na ta'aziyya, har masu sauraro sun fara taruwa a ƙofar gidan. Kofur ya rufe ƙofa ya tsaya a jikinta.

Sufeto ya ajiye rediyon Malam Isa a kan tebur ya kunna. Muryar Surajo ta fito. Anas bai ɗago ba.

"Ka ce ka kalli wasa har aka tashi."

"Haka ne."

"A gidan da aka rufe tun rabin lokaci?"

Sufeto ya nuna rediyon da yatsa.

"Mutumin nan ba kurma ba ne, Anas. Ba ya amsawa ne don ba ya kan layi. Murya ce aka ɗauka aka ƙara mata kauri, aka sako daga na'urar nan. Wa ke taɓa na'urar nan ban da kai?"

Anas ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Da ya fara magana, bai tsaya ba.

Ya ce shi ɗan wata tunga ne bayan Gidan Goga, innarsa da ƙannensa mata biyu suna can. Wata uku da suka wuce ya je gaishe su, mutanen daji suka tare shi a hanya. Da suka ji inda yake aiki, suka sake shi, suka gaya masa abin da zai riƙa yi. Sun faɗa masa sunan innarsa, sun kwatanta masa ɗakin da take kwana. Labarin motoci a teburin mai shayi na tasha yake tsinta. Na 'yan wasan Maradun kuwa, kocinsu ne da kansa ya turo wa shirin lokacin tafiyarsu, don a yi musu addu'a.

Ya ce ranar Asabar Mujahid ya tare shi bayan shiri, ya ce ya gano, kuma Litinin zai je wurin 'yan sanda. Shi Anas ɗin ne ya roƙe shi su fita bayan gari ranar Lahadi ya yi masa bayani inda ba mai ji. Mujahid ne ya ƙirƙiro zancen koci don kada hankalin matarsa ya tashi.

"Na durƙusa mishi, yallaɓai. Na ce shi ba ni mako ɗaya in fiddo Inna. Yac ce mako ɗaya mota nawa ce? Ya juya zai hau babur. Dutse na gani kusa da ni."

Wayar Mujahid, ya ce, tana cikin ruwan.

Kofur ya fiddo ankwa. Anas ya miƙa hannuwansa da kansa, amma idonsa na kan agogon bango.

"Yau Laraba. Sun ce in wannan makon ya wuce tsakiya ba su ji Surajo ba, sun san na tona. Ƙarfe biyar suna saurare."

Agogon ya nuna huɗu saura minti goma.

Sufeto ya fita da sauri ya kira ofishin Maradun. Sau uku kiran yana yankewa. A na huɗu ya samu DPO, ya faɗi sunan tungar, ya ce a kwashe kowa, ba gida ɗaya ba. Aka ce masa mota biyu ce kawai a ƙasa, kuma hanyar ba ta da kyau. Ya ce su tafi da abin da ke akwai. Sannan ya umarci Hajiya Taiba ta sanar cewa an ɗage shirin zuwa ƙarfe shida saboda matsalar wuta, ko hakan zai ƙara musu awa ɗaya.

Aka fito da Anas ta ƙofar gaba, don babu wata. Mutum ya kai ɗari a waje, wasu sanye da rigunan ƙungiyoyinsu. Suka ga ankwa a hannunsa. Babu wanda ya san dalili tukuna, sai suka dare suka ba da hanya, wani ma yana tambayarsa ko lafiya.

Suka kama hanyar caji ofis. Sufeto ya riƙe waya a cinyarsa. An sa Anas a bayan kanta, an rubuta bayaninsa, biyar ta wuce, biyar da rabi ta wuce. Shida saura kwata wayar ta yi ƙara.

Sufeto ya saurara, ya yi godiya, ya kashe. An fito da mutum arba'in da ɗaya, sun kama hanyar Maradun. Na bayan mota sun hango ƙurar babura daga yamma, amma sun riga sun hau kwalta.

Anas ya riƙe ƙarfen kanta da hannu biyu. "Inna ta fito?"

"Ta fito, da ƙannenka."

"Ta san mi ya faru?"

Sufeto ya dube shi. "Ba ta sani ba. Rediyonta kaɗai ta ɗauko. Ta ce wa direba ya rage gudu ta kamo tasha, ɗanta yana aiki ƙarfe shida."

Anas ya saki ƙarfen. Kofur Ishaq ya kama hannunsa, ya wuce da shi ciki.