Masu Ɗaukar Makara

Dab da rufe gidan zane-zanen nan na birnin Siena a Italiya, ni da mijina Fulvio kaɗai muka rage, muna kallon tsohon zanen jana'izar wani waliyyi. Sai ga wani mutum ba takalmi, yana warin kyandir da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ban ji takunsa ba.

"Bawan Allah, kama mana," ya ce. "Nauyin ya fi ƙarfinmu."

"Fulvio, ciwon bayanka fa!" na ce. "Kai da ko cefane ba ka ɗauka."

Ya yi dariya, ya bi mutumin bayan labule.

Na kira shi, shiru. Da na juya ga zanen, na ƙarshe cikin masu ɗaukar makarar ni yake kallo da idanun mijina, fentin ko bushewa bai yi ba.